Shawarwari: Yadda Za A Gyara Kayan Gida Da Na Gona Don Mai Hannu Ɗaya

A ƙasashen Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, ba sai an yi dogon cigiya ba kafin a ga mai rayuwa da hannu ɗaya. Wani harsashin 'yan bindiga ne ya same shi, a shekarun nan da dajin da ya haɗa yankin da Birnin Gwari ya zama abin tsoro. Wani injin casar masara ko na niƙa ne ya ja hannun rigarsa. Akwai yaran da aka matse wa karaya wajen ɗori har hannun ya ruɓe, akwai kuma dattawan da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, hannun yana nan amma ba ya moruwa.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka ne, amma sau nawa ake ɗaukar jinka a shekara? Yawancin ayyukan yau da gobe hannu ɗaya ne ke yin su, ɗayan riƙo kawai yake yi don kada abu ya motsa. Riƙon nan kuwa ƙusa tana iya yin sa, igiya tana iyawa, gwiwa da tafin ƙafa ma suna iyawa. Kusan duk abin da za a ambata a nan maƙeri, kafinta, tela, baduku ko mai walda na garinku zai iya haɗa shi.

1. Katakon yanka. A samu katako mai kauri, a buga ƙusoshi uku daga ƙasa su ɓullo ta sama kamar tsawon gaɓar yatsa. A kansu za a cake albasa, dankali, kabewa ko tsokar nama, sai a yanka ko a fere. A gefe guda kafinta ya buga 'yan sanduna biyu su yi kusurwa, inda za a tokare kuɓewa ko biredi. In an samu ƙusar da ba ta tsatsa ta fi. In ba a samu ba, a riƙa wankewa ana shanyawa, a kuma kife katakon inda yara ba za su taka ba.

2. Tsumma mai danshi. A shimfiɗa shi ƙarƙashin kwano, faranti ko abin goga kuɓewa, ba za su zame ba. Ƙwarya kuma a ɗora ta a kan gammo. Kwalba ko gwangwani a matse tsakanin gwiwoyi a murɗe murfin.

3. Tuƙin tuwo. Nan ne mata suka fi karaya, don muciya tana jan tukunya duk inda ta nufa, kuma ga wuta ga tafasasshen talge. Dabara ta farko ita ce a bar murhun duwatsu uku, a gina na laka wanda tukunyar za ta nutse a cikinsa har kusan rabinta, daidai da gindinta. Ta biyu ita ce wadda matan Gana suka daɗe suna yi wajen tuƙa banku: ƙugiyoyin ƙarfe biyu dogaye, a saƙala su a kunnuwan tukunya, a taka ƙarshensu da ƙafa biyu daga zaune a kujera 'yar tsugunno. Masu hannu biyu ma da su suke aiki a can, kuma kowane maƙeri zai ƙera su daga guntun rodi. A zaɓi tukunyar dalma mai nauyi, a rage wuta kafin a fara tuƙi. Abu ɗaya da ban yarda a gwada ba shi ne sauke tukunya mai zafi da hannu ɗaya. A janye itacen, a kwashe tuwon da mara yana kan murhu, miya kuma da ludayi.

4. Ruwa. Jan guga daga rijiya yana yiwuwa in gugar ƙarama ce: a ja, a take igiyar da ƙafa, a sake kamowa. Kada a taɓa naɗe igiya a wuyan hannu, don cikakkiyar guga tana iya fizgar mutum zuwa ciki. Gidan da ke da hali ya sa mai walda ya kafa ƙarfe mai mariƙin juyawa a bakin rijiyar, igiya ta riƙa naɗuwa a jikinsa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce ta ruwa zalla, ta yi wa kafaɗa ɗaya yawa. Gara mai lita 10 ko da za a yi sawu biyu.

5. Tsarki da alwala. Wannan ita ce matsalar da ba a cika faɗa ba saboda kunya, alhali ta fi kowace ci wa mutum rai, domin babba ba ya son a bi shi makewayi da buta. Buta aikin hannu biyu ce, ɗaya na zubawa ɗaya na wankewa. A maye gurbinta da bokiti mai famfo a gindi, irin wanda ya cika makarantu da asibitoci lokacin korona a 2020, a ɗora shi a kan bulo daidai tsayin mai tsugunno, ɗaya a makewayi ɗaya a wurin alwala. Ko kuma a rataye ƙaramar jarka a sanda, a huda ta kusa da wuya, a ɗaura igiya daga bakinta zuwa wani guntun icce a ƙasa: ana takawa tana karkatowa. Sabulu a sa shi cikin ragar soso a rataye a ƙusa. Ta fuskar hukunci kuwa malaman fiƙihu sun yi sauƙi: abin da ya rage daga gwiwar hannu zuwa ƙasa shi ake wankewa, in kuma an yanke sama da gwiwar, wankin wannan gaɓar ya faɗi. Yadda za a cuɗa lafiyayyen hannun, a zauna da limamin unguwa a tambaya dalla-dalla. Haka wanda hagu ce kaɗai ta rage masa: da ita zai ci, da ita zai karɓa, da ita zai miƙa. Lalura ce, kuma mai yi masa gyara a bainar jama'a shi ne ke buƙatar gyara.

6. Sutura. Tela ya cire zariyar wando ya sa roba. Zani ya zama siket mai roba, maɓallin wuyan riga ya koma manne irin na takalman yara. Wajen sa riga a fara da ɓangaren da ba ya aiki, wajen cirewa a ƙare da shi. Mai goyo a ɗinka mata majanyi mai zobe ko maƙulli ta gaba, ta kuma riƙa goyawa daga zaune a bakin gado.

7. Gona. Sabuwa ƙasar noma ce, kuma namijin da aka raba da gonarsa an raba shi da fiye da abinci. Fartanya mai gajeriyar ƙota tana aiki da hannu ɗaya, musamman in maƙeri ya rage mata nauyi, baduku kuma ya sa mata madaurin fata da zai zagaye wuyan hannu. Wanda dungunsa ya kai ƙasa da gwiwar hannu, a ɗinka masa kube na fata mai taushin ciki da zoben ƙarfe a baki, ya zura ƙotar garma ko mariƙin baro a ciki. Shuka dama aikin mutum biyu ce tun asali, mai sara da sungumi da mai zuba iri yana rufewa da ƙafa. Ya zaɓi ɗaya. Taki a zuba a jakar da aka rataya a wuya. Injin feshi na goyo yana buƙatar hannun bugawa da na riƙe bututu, don haka a nemi mai aiki da batir a shagunan kayan noma. Ɓarar masara kuma, katako mai ƙusoshi da aka take da ƙafa ya wadatar. Amma bakin injin casa da bel ɗin injin niƙa, a bar wa wani. Hannun da ya rage ba shi da madadi.

8. Waya da takardu. A sa wa waya igiyar wuya, a koyi tura saƙon murya a WhatsApp. Rashin yatsu ba ya hana zaɓe, don na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a 2023 tana tantance mutum da fuska. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Aiwatarwa dai tana tafiyar hawainiya, amma mai takardun karatu ya nema da sunan haƙƙi.

9. Asibiti. Dungu yana son wanki kullum da busarwa. In ya yi ja, ya yi ruwa ko wari, a tafi asibiti. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen haɗa gaɓoɓin roba, asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya kuma yana da masu gashin ƙashi. Mai shanyewar ɓarin jiki kada a ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya mutu, kafaɗar tana gocewa. A tallafe hannun da matashi in yana zaune. Yaron da aka yi wa ɗori kuwa, in yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi, suka sauya launi ko ya daina jin su, a sassauta ɗaurin nan take a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.

10. Mutanen gida. Tausayin da ke sa a fizge wuƙa daga hannun uwa, ko a hana magidanci taɓa fartanya, shi ne ke zaunar da mutum har ya ƙare a bakin titi da ƙoƙon bara. A farko aikin zai yi jinkiri, albasa za ta fito a karkace, ruwa zai zube. A bar shi ya yi, a tambaye shi inda yake son taimako, a tsaya a nan.

Ku kuma maƙera, teloli, dukawa da masu walda na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, in aka kawo muku irin wannan aiki ku sa mai shi ya zo da kansa, ku auna a jikinsa, ya gwada a gabanku kafin ya biya, kuma kada ku tsawwala masa kuɗi.