Darasi: Gayyar gina gidaje a ƙasar Urugwai

Jama'a, kun san gayya a gona. To, akwai inda ake gayyar gina unguwa ɗungum.

Urugwai ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Kudu. A shekarar 1966, talakawa a garuruwa 3 suka kafa ƙungiyoyi don su gina gidajensu da hannunsu. A 1968 gwamnati ta yi dokar ba irin waɗannan ƙungiyoyi bashi.

Ga yadda suke yi. Ƙungiya ta nemi fili, ta ɗauko masana gini su nuna mata aiki. Kowane iyali yana ba da aikin awa 21 a mako, maza da mata. Wannan gumi shi ne kashi 15 cikin 100 na kuɗin ginin. Sauran bashi ne, ana biya sannu a hankali.

Ku lura da wannan dabara da kyau. Lokacin gini, ba wanda ya san gidan da zai zama nasa. Sai an gama duka a jefa ƙuri'a. Wa zai yi ha'inci wajen kwaɓa siminti, alhali wataƙila ƙarƙashin wannan rufi ƴaƴansa za su kwana?

Suna kuma gina zauren taro na kowa da kowa.

Fili da gidajen duka na ƙungiya ne. Ba mai sayar da gidansa ga ɗan kasuwa. Wanda zai tashi, sai ƙungiya ta mayar masa da rabonsa, ta sa wani iyali a gidan.