Yadda Ake Ƙera Lilon Zamani

Yaron da ya ci kwalliyar Sallah a Tamale, ko daga Sabonjida ya fito ko Aboabo, minti biyu zai yi a kan lilo ya sauko yana dariya. Aikin da ke bayan minti biyun nan kan ci shekaru, musamman lilo mai tarago da ke gudu bisa dogo.

A takarda ake farawa. Su wa za su hau, ƙananan yara ko samari masu son abin da zai kaɗa musu hanji? Walt Disney, wanda ya buɗe Disneyland a Amurka a 1955, ya haɗa masu zane da injiniyoyi wuri guda: a tsara labarin da mai hawa zai shiga, sannan a nemi na'urar da za ta ɗauke shi.

Sai lissafin layi. Idan tarago na ɗaukar mutum 24 kuma yana tashi duk minti biyu, mutum 720 ke nan a awa. Wanda bai auna wannan da cunkoson Sallah ko bikin Damba ba, rigima ya gina.

Daga nan injiniya zai zana dogon a kwamfuta. Abin mamaki, taragon ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan sa zuwa tudun farko, gangara ta ƙarasa aikin, shi ya sa a irin wannan lilo babu tudun da ke kai na farko tsawo. Ƙafafun taragon iri uku ne: na sama, na gefe, da na ƙasa masu riƙe dogo kada ya yi tsalle. Wani mai suna John Miller ne ya yi rajistar ƙirar na ƙasan a 1919.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne yanayin gari. Lilon da aka ƙera don Turai bai san bazarar Tamale ba, lokacin da zafi kan kai digiri 40, kujerar ƙarfe ta koma tanda. Ƙurar hunturu kuma tana cakuɗa da giris ta cinye ƙafafu. Dole a tanadi rumfa, da janareta, da birkin da ke kamawa da kansa in wuta ta ɗauke.

Bayan gwajin ƙasa da izinin gini, sai a zuba harsashin kankare. Ƙarafan lilon kan iso gunduwa-gunduwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, tirela ta yi tafiyar sama da kilomita 600 da su, sannan a ɗaure su da noti.

Kafin ɗan Adam ya hau, mutum-mutumin roba cike da ruwa ake ɗorawa, a yi ta zagayawa da su. Ko bayan buɗewa, kowace safiya sai an bi noti da birki.

Iyaye, in ma'aikaci ya auna ɗanku da sanda ya ce tsawonsa bai kai ba, ku haƙura. Mariƙin kujerar ne ba zai riƙe shi ba.