Kalmar "Nas" da Iyakokin Aikin Jinya: Nazari daga Tarauni, Kano

1.0 Gabatarwa

A bakin Bahaushen Gyaɗi-Gyaɗi ko Babban Giji, macen da ke aiki a asibiti "nas" ce, namiji kuwa "malamin asibiti" ko ma "likita". Doka ba ta yi wannan jam'i ba. Maƙalar ta duba rukunan da kalmar ta haɗe da kuma iyakar aikin kowanne.

2.0 Nas Mai Rajista

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, wadda Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke ba shi lasisi bayan karatun shekara 3 a makarantar jinya ko digirin shekara 5 a jami'a. Shi ke auna halin majiyyaci, ya tsara jinyarsa, ya ba da maganin da likita ya rubuta, ya kuma sa ido kan na ƙasa da shi. Irinsa ne ke riƙe da ɗakunan kwanciya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988.

3.0 Rukunan Matakin Farko

Nas ɗin al'umma yana karatun shekara 2, majalisar ce ke ba shi lasisi, amma aikinsa ya taƙaita ga cibiyoyin lafiya na matakin farko. A Amurka akwai makamancinsa a jihohin Kalifoniya da Tekzas, mai karatun kusan shekara 1, wanda ke aiki ƙarƙashin nas mai rajista ko likita.

Ma'aikacin lafiyar al'umma kuwa ba nas ba ne. Wata hukuma dabam, ta Doka mai lamba 61 ta 1992, ke masa rajista. Yana duba ƙananan cututtuka bisa rubutaccen kundin ƙa'idoji, abin da ya wuce kundin sai ya tura shi babban asibiti. Ƙarancin ma'aikata ya sa manufar raba ayyuka ta 2014 ta ƙara masa wasu ayyuka, ciki har da na tazarar haihuwa, bayan horo.

4.0 Kammalawa

Majiyyacin da bai san wannan bambanci ba yakan ɗauki turawa gaba a matsayin wulaƙanci, sai ya koma gida ko kantin magani, ciwo ya yi nisa. Ya dace masu fassara da 'yan jarida su keɓe "nas" ga mai lasisin majalisar jinya, su kira ɗaya rukunin "ma'aikacin lafiyar al'umma", masu ƙamus kuma su tabbatar da wannan rarrabewa.