Darasi na 14: Ƙiba da Gyaran Jijiyoyin Jini

Katangar ƙasa takan daɗe muddin ana yi mata yaɓe bayan damina. Haka jijiyar jini take. A cikinta akwai wata shimfiɗa mai santsi wadda jini yake gudana a kanta. Hawan jini da yawan sukari da hayaƙin taba sukan zaizaye shimfiɗar, jiki kuma ya gyara ta.

A 1997, a birnin Boston na Amurka, Takayuki Asahara da abokan aikinsa suka gano wasu ƙwayoyi a cikin jini masu taimakawa wajen wannan gyara. A 2005 kuma masana a Jamus suka bayyana binciken da suka yi kan masu ciwon jijiyoyin zuciya 519. Cikin shekara guda, mutuwa sanadiyyar ciwon zuciya ta fi yawa a cikin masu ƙarancin ƙwayoyin.

Ƙiba mai yawa tana yin illa ta fuska biyu. Kitsen ciki yana fitar da sinadarai masu jawo kumburin jijiya, sa'an nan ƙwayoyin gyara sukan ragu, su yi rauni. Wato ɓarna ta ƙaru, magina kuwa sun ƙaranta. Daga nan maiƙo ya taru inda shimfiɗar ta lalace, hanya ta ƙuntata, har gudan jini ya toshe ta. Motsa jiki da rage ƙiba suna ƙara wa shimfiɗar lafiya.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka kwatanta jijiya da katanga?
2. Su wane ne “magina” a nan?