Darasi Kan Naman Kaza: Kama da Wane Ba Ta Wane

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani tsiro da kowa ya sani da ido, amma kaɗan ne suka san shi da ilimi, wato naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi. Da zarar damana ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, sai a gan shi ya ɓullo a bakin shuri, da makiyaya, da jikin ruɓaɓɓen icce, tun daga dajin Baban Rafi na kudancin Maraɗi har zuwa yankin Gaya da gandun dajin W. Yara masu kiwo da mata masu neman itace su ne suka fi cin karo da shi, don haka sanin hukuncinsa da alamominsa ya zama wajibi a kan iyaye.

Da farko mu san mene ne shi. Naman kaza ba ciyawa ba ne, domin ba ya da ganye ko fure. Ainihin jikinsa wasu zaruruwa ne farare, sirara ƙwarai, da ke ɓoye cikin ƙasa ko cikin icce duk shekara. Abin da muke gani a sarari kamar ɗan itace ne a gare shi, aikinsa kawai ya watsa wata ƙura mai laushi wadda ita ce irinsa.

Game da hukunci, asalin abin da ƙasa ta fitar halal ne, sai wanda cutarwarsa ta tabbata, shi kam haramun ne a ci ko a ciyar da wani. A cikin hadisin Sa'idu ɗan Zaidu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ambaci kam'a da alheri. Kam'a kuwa dangin naman kaza ce, tana girma a ƙarƙashin rairayi kamar dankali, ana haƙo ta a saharar Aljeriya da Libiya da ƙasashen Larabawa. Ke nan ba a ƙyamaci jinsin gaba ɗaya ba. Matsalar tana wajen rarrabewa, kuma ƙa'idar da muke son mai karatu ya riƙe ita ce: babu wata alama guda da ke raba mai ciyuwa da mai guba. Kowane iri sai an san shi a kan kansa, da dukkan gaɓoɓinsa.

Gaɓoɓin da ake dubawa biyar ne. Na ɗaya, malafa: launinta, da santsinta ko ɓamɓarokinta. Na biyu, ƙarƙashin malafa: ko yana da faifai sirara a jere kamar shafunan littafi, ko ƴan ramuka kamar soso, da kuma launinsu. Na uku, kara: ko yana da zobe a wuyansa. Na huɗu, gindi: wannan sai an haƙo shi duka da wuƙa, domin wanda ya tsinke daga sama ya bar babbar shaida a cikin ƙasa. Na biyar, launin ƙurar iri: a yanke malafa, a kifa ta a kan takarda, a rufe da ƙoƙo, a bar ta ta kwana. Da safe za a ga ƙurar ta zuba, sai a duba launinta. A haɗa da wannan, a lura da wurin da ya fito.

Bari mu gwada wannan ƙa'ida a kan iri uku. Na farko shi ne na shuri, wanda masanin Faransa Roger Heim ya sa wa suna Termitomyces a shekarar 1942. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta, tana tara masa taunannen icce da ciyawa, shi kuma yana narka mata su su zama abinci. Alamarsa, karansa yana da saiwa doguwa mai tsini da ke nutsawa har cikin gidan gara, tsakiyar malafarsa sau da yawa a tashe take, ƙurarsa kuma tana da ɗan ja-ja mai haske. Shi ne aka fi ci a ƙasashen Afirka da dama, kuma a Zambiya akwai irinsa da faɗin malafarsa kan kai kusan mita 1.

Na biyu shi ne Chlorophyllum molybdites, mai fitowa cikin ciyawa da makiyaya a ƙasashe masu zafi. Fari ne, babba, mai ban sha'awa, da ɓamɓaroki ƙasa-ƙasa a malafa da zobe a wuya. Gindinsa dunƙulalle ne, ba ya da doguwar saiwa. Ƙurarsa tsanwa ce, amma faifan ƙaraminsa farare ne tas, sai ya tsufa suke rinewa, kuma nan ne ake ruɗuwa. Yana jawo amai da zawo mai tsanani cikin awa 1 zuwa 3, abin da ke iya ƙarar da ruwan jikin yaro ko tsoho.

Na uku shi ne Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya. Asalinsa na Turai ne da arewacin Afirka, ya bazu zuwa Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Malafarsa tsanwa-tsanwa ce, faifansa da ƙurarsa farare, yana da zobe, gindinsa kuma yana zaune cikin wata farar jaka da ƙasa kan rufe. Rabin malafa guda na iya kashe babban mutum. Dangin Amanita suna fitowa a dazuzzukan doka na Afirka ta Yamma, saboda haka duk wanda aka ga jaka a gindinsa a nisance shi.

Mun ambaci wannan na ƙasashen nesa ne domin mu mutane ne masu tafiye-tafiye, kuma sanin dajin gida ba ya aiki a dajin wasu. A shekarar 2015, ƴan gudun hijirar Siriya da dama sun kwanta asibiti a Jamus bayan sun tsince shi, suna zaton wanda suka saba ci ne a ƙasarsu. A shekarar 2021 kuma, wasu yara biyu ƴan gida ɗaya daga Afganistan, masu shekara 5 da 6, sun rasu a Folan ta wannan hanya, kwanaki kaɗan bayan isowarsu.

Akwai maganganun da ke yawo waɗanda ba su da tushe. Ana cewa wanda ƙwari ko dabba suka ci ba ya da lahani. Alhali jikinsu daban ne da namu. Ana cewa mai guba ɗaci gare shi ko wari. Alhali waɗanda suka tsira daga Amanita sun shaida cewa yana da daɗin ci. Ana cewa tafasa ko shanya na kashe guba. Alhali gubar Amanita ba ta jin wuta, ba ta jin rana. Haka nan gwaji da cokalin azurfa ko tafarnuwa ba ya nuna kome.

Idan ƙaddara ta faɗa, a lura da lokaci. Ciwon da ya jinkirta, ya fara bayan awa 6 zuwa 24, shi ne mafi haɗari. Mara lafiya zai yi amai da zawo, sa'an nan ya ji sauƙi a rana ta biyu kamar ya warke, alhali guba tana can tana cin hantarsa, har idanu su yi rawaya. Kada wannan sauƙi ya yaudari kowa. A kai shi likita nan take, tare da duk wanda ya ci daga tukunyar ko da bai ji kome ba, a tafi da sauran abincin da ɗanyen da ya rage. Nono ko man ja ba sa karya wannan guba, ɓata lokaci kawai suke yi.

Nasiharmu ta ƙarshe: kada a ci sai irin da wani masani na yankin ya nuna hannu da hannu, a tabbatar da kowane guda ɗaya-ɗaya, a dafa shi sosai, wanda kuma aka yi shakka a kansa a bar shi inda yake. A hana yara ɗanɗanawa a daji. Rai amana ce, miyar dare ɗaya ba ta kai a saye ta da shi ba. Allah ya kare mu da iyalanmu, shi ne mafi sani. Wassalam.