Ganuwar Da Ba Ta Surutu

Karatu: 2 Timoti 1:1-7, Ayyukan Manzanni 16:1-3

In ka bi ta Ƙofar Mazugal ka hango Dutsen Dala, ka tuna da ganuwar da ta taɓa kewaye birnin Kano. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta. An san sunan sarki, amma wa ya san sunayen waɗanda suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali da hannu? Duk da haka, a bayan aikinsu ne jama'a suka yi barci lafiya shekaru aru-aru.

Haka uwa take. Timoti ya yi suna a ikilisiya, amma da Manzo Bulus ya nemi tushen bangaskiyarsa, sai ya ambaci mata biyu: kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Mahaifinsa Baheleni ne, amma Afiniki ta koya wa ɗanta Nassi tun yana ƙarami. Ba a rubuta mana kalma ko ɗaya daga bakinta ba. Ɗanta ne wa'azinta.

Kai fa? Wa ta tashi da asuba ta hura wuta, ta soya ƙosai don ka sami kuɗin makaranta? Wa ta ce ta ƙoshi, alhali ba ta ci ba? Wa ta durƙusa tana kiran sunanka a gaban Allah kana barci? Kowanne tubali ne a ganuwar rayuwarka.

Amma duba yadda badala ta zube a wuraren da aka daina yaɓe. Zuciyar uwa ma haka take in 'ya'ya suka manta da ita. Umarnin girmama iyaye a Fitowa 20:12 bai zo da sharaɗi ba: ko ta yi boko ko ba ta yi ba, ko kuna sujada tare ko a'a, girmamawa hakkinta ne. Kada ka bari sai a bakin kabari ka yi godiya.

Aikin yau: Je ka gaishe ta, ko ka buga mata waya. Faɗa mata abu ɗaya da ta yi wanda ba ka manta ba. In ta rasu, taimaki wata gwauruwa a ikilisiyarku.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin mahaifiyata. Ka gafarta mini sakacina. Ruhu Mai Tsarki, ka sabunta ƙarfinta, ka sa ta ci amfanin wahalarta, cikin sunan Yesu. Amin.