Darasi: Shirin Mota da Masauki Idan Ƙungiya Za Ta Ziyarci Ƙauyukan Bakin Teku

Manufar darasin: Mu koyi ƙirga mutane, kujeru, wuraren kwana da rigunan ruwa tun muna gida, domin duk wanda muka fita da shi mu komo da shi lafiya.

Gabatarwa

'Yan'uwa, an ce gani ya kori ji. Ƙungiyoyinmu na manoma, matasa da zumuntar mata a yankin Boɗinga da Shagari sukan so su fita su ga yadda wasu ke neman abinci. Wurin da aka fi ambata idan ana maganar bakin teku shi ne Badagiri, a Jihar Legas, kusa da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. A ƙauyukan can, irin su Gberefu, Topo da Ajido, za mu ga masunta, masu busar da kifi da hayaƙi, da gonakin kwakwa. A garin ne kuma Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin bishara a shekarar 1842, kuma gidan benen mishan da aka gama a 1845 yana nan ana ziyartarsa.

Amma tafiyar ta fi kilomita 1,000, kuma a ƙarshenta akwai ruwa. Mun san abin da ruwa ya yi mana a gida. A watan Afrilu na 2022 kwalekwale ya kife a gulbin Shagari da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu. A watan Mayu na 2023 wani ya sake kifewa da yaran Dandeji da suka fita neman itace, aƙalla 15 suka rasu, kuma rahotanni sun ce lodi ya yi wa jirgin yawa. Saboda haka wannan darasi ba na jin daɗin tafiya ba ne kawai. Na tsare rai ne.

1. Lissafi ɗaya a wuri huɗu

Ga ƙa'idar da dukan darasin ya tsaya a kai. Yawan mutanen da ke cikin takardarmu dole ya yi daidai da abu huɗu: kujerun mota, wuraren kwana, rigunan ruwa, da kuma mutanen da muka ƙirga duk lokacin da za a tashi. Idan ɗaya ya gaza, shiri bai gama ba.

Don haka aikin farko shi ne rufe takardar sunaye. A sa ranar rufewa wata ɗaya kafin tafiya, a sanar a majami'a sau biyu. A rubuta sunan kowa, ƙauyensu, lambar wayar wani na gida, da ciwon da yake fama da shi, kamar hawan jini ko ciwon sukari. Jariri na goye ma mutum ne, a rubuta shi. A yi kwafi uku: ɗaya ga jagora, ɗaya ga direba, ɗaya ya zauna a gida wurin dattijon ikilisiya.

Wurin da muke faɗuwa shi ne ranar tashi. Wani zai zo da jakarsa ya ce, "A taimaka a matsa mini, ai ni kaɗai ne." Kunya ta hana mu cewa a'a. Wannan "ni kaɗai" shi ne ke cika mota, shi ne ke cika kwalekwale. Kwamiti ya ɗauki nauyin ƙin, kada a bar wa mutum ɗaya.

2. Zaɓen lokaci

Daminar kudu ta riga tamu sauka, kuma ta fi tamu daɗewa. A Legas ruwa yakan kankama tun Afrilu, ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Hanya ma takan lalace. A ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa, garin da ke kan hanyarmu, ta kashe fiye da mutum 150, ta kuma lalata gadoji. A watan Disamba kuwa kuɗin mota yakan hau, masaukai su cika. Lokacin da ya fi mana shi ne bayan an kai amfanin gona gida: ƙarshen Nuwamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu. Masu noman rani a bakin madatsar Shagari su duba lokacin ban ruwan albasa da alkama kafin a tsayar da rana.

3. Hanya da yawan kwana

Babbar hanyar da ta ratsa Boɗinga da Shagari ita ce ke kai mu: Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, gadar Jabba a kan kogin Kwara, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, Legas, sannan a juya yamma zuwa Badagiri. A watan Oktoba na 2024 an ƙaddamar da aikin sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068, wadda ta faro daga Illela. Kada mu sa ta cikin lissafi sai direbobin da ke bin hanya sun tabbatar mana wane sashe ake bi.

Mu yi lissafin nan tare a kan allo. Idan aka haɗa ramuka, shingayen jami'an tsaro, shan mai da tsayawar biyan bukata, mu ɗauka muna cin kilomita 50 a awa. Kilomita 1,000 ta zama awa 20. Idan ana tuƙin awa 8 a yini, tafiyar yini biyu da rabi ke nan. Wato za a kwana sau biyu a hanya a zuwa, sau biyu a dawowa. Kwantagora da Ilori sun dace da zango. In za a kwana uku a Badagiri, to, dare bakwai ne muke neman masaukinsu, ba uku ba.

Wani zai ce a yi tafiyar dare a rage kuɗi. Mu tuna da barcin direba, manyan motoci, da matsalar 'yan bindiga a wasu sassan Kabi da Neja. Dokarmu ita ce a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin faɗuwar rana. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

4. Ɗaukar shatar mota

A je tasha, a yi magana a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, ba da ɗan kamasho a bakin titi ba. Mutum biyu su je, ɗayansu ya san mota.

- A ƙirga kujeru da ido. Misali, mu 30 ne, bas kuma mai kujera 18 ce. A cire biyu na direba da mai karɓarsa, saura 16. Bas biyu sun ba mu 32, sun isa. Bas ɗaya da ƙaramar mota ba su isa ba.
- A duba taya har da safaya, burki, fitilu, jak, lasisin direba da takardun mota.
- Dokar hanya ta ƙayyade wa bas ɗin haya kilomita 80 a awa a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. A gaya wa direba tun a gida cewa jagora zai yi magana idan ya wuce.
- A rubuta yarjejeniya: wa zai sayi mai, wa zai ciyar da direbobi ya ba su wurin kwana, kuma in mota ta lalace wa zai nemo wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka a rubuta ranar da aka yi ciniki.
- A ba da kafin alƙalami kawai. Ragowar a raba biyu, rabi in an isa, rabi in an dawo.
- Kowane jagora ya riƙe lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, da ta ƙasa, 112.

5. Masauki

Mun taɓa isa wani gari da magariba da mutum fiye da ashirin, muka tarar an ba wasu ɗakunan da aka yi mana alkawari ta waya. Ba mu biya komai ba, ba mu da takarda. Iyaye mata suka kwana a kan benci. Laifin namu ne: mun ɗauki "ba damuwa" a matsayin yarjejeniya.

Tun daga ranar muke bin matakan nan. A rubuta wa mai masauki, ko ikilisiya ce, ko makaranta, ko gidan baƙi, a faɗi yawan maza, mata da yara, da ranar isa. A nemi amsa a rubuce, ko da saƙon waya ne, a adana. A sake kira mako ɗaya kafin tashi, da kuma safiyar ranar isa.

Kada mu tambayi ɗaki nawa ne kawai. Mu tambayi mutum nawa za su kwanta, makewayi nawa ne, daga ina ruwa yake zuwa, an yarda a dafa abinci, kuma akwai wurin ajiye mota da maigadi. Ƙauyukan bakin teku ƙanana ne, kuma wasu sai da jirgi ake shigarsu. Ya fi a kwana a cikin garin Badagiri, a riƙa shiga ƙauyuka da safe ana dawowa. Kowa ya tafi da tabarma, gidan sauro da tocila, gama sauron can ba ya jiran damina.

In 'yan'uwa ne suka sauke mu, kada mu zama musu kaya. Mutum 30 a kwana uku za su iya cinye abincin gida na wata. Mu kai buhun gero ko shinkafa, albasa da ƙuli-ƙuli, mu biya kuɗin itace da ruwa, mu share wurin kafin mu tashi. Mutanen yankin yawanci Ogu ne da Yarabawa, saboda haka a nemi tafinta tun da wuri. Hausawan da ke kasuwanci a can za su iya taimakawa. A fara gaida mai gari kafin a shiga ƙauye, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoto.

6. Ƙetare ruwa

Daga Badagiri zuwa Gberefu sai an ƙetare ruwan da ya raba garin da gaɓar teku, sannan a taka rairayi ta hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa. A nan ne lissafinmu zai sha gwaji.

- A tambayi mai jirgi mutum nawa jirgin ke ɗauka. In goma ne, mu 30 sawu uku ne. Kuɗin sawu uku yana cikin kasafi tun daga gida.
- Kowa ya sa rigar ruwa ya ɗaure ta kafin ya taka jirgi. Hukumomin hanyoyin ruwa sun wajabta ta, sun kuma hana tafiyar dare. Rigar babba ba ta yi wa yaro, a nemi ta yara tun kafin ranar.
- A zauna daidai hagu da dama. Kada a miƙe, kada a taru a gefe ɗaya don kallo.
- A ƙirga mutane a wannan gaɓa, a sake ƙirgawa a waccan.
- Teku ba gulbi ba ne. Igiyarsa tana janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki. Ko gwanin iyo na Shagari kada ya shiga wanka.

7. Kuɗi

A raba kasafi gida shida: mota da mai, masauki, abinci da ruwan sha, jirgi da kuɗin shiga wuraren tarihi, magani, da kuɗin ko-ta-kwana. Na ƙarshen ya kai kashi ɗaya cikin goma na jimla. Ana iya tarawa ta adashi tun daga kaka. Kuɗin dawowa a ware shi dabam, mutum biyu su san inda yake, kada a taɓa shi don tsaraba. In kuɗi bai isa ba, a rage yawan mutane ko a ɗaga rana. Kada a rage mota, kada a rage sawun jirgi. In an dawo, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya sa yake mana wuya mu ce wa ɗan'uwa "mota ta cika"? Yaya za mu faɗa ba tare da ɓata zumunci ba?
2. A cikinmu wa ya taɓa sa rigar ruwa? Ina za mu samu ɗaya mu gwada kafin tafiya?
3. Su wa aka saba bari a gida idan ana irin wannan tafiya? Yaya za mu ba gwauraye da naƙasassu wuri?
4. Waɗanne daga cikin ƙa'idodin nan za mu fara bi a mashigin gulbinmu tun wannan mako?

Abin yi

A zaɓi mutum biyar, aƙalla biyu mata: jagora, ma'aji, mai kula da mota, mai kula da masauki, da mai riƙe akwatin magani. A taro na gaba su zo da takarda ɗaya mai layi huɗu: mutane, kujeru, wuraren kwana, rigunan ruwa. Sai lambobin sun daidaita za a sa ranar tashi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.